Kashin Kaza a Sirdin Babur

Kashin kaza ne a kan sirdin babur ɗin, ya bushe har ya yi fari. Duk masu shiga zauren Dogo a Gumel ba wanda ya lura, sai Kyauta, 'yar kawunsa. Shekara shida ke nan da Baturen awon gyaɗa ya bar masa babur ɗin ya koma ƙasarsu, kuma ko ƙuda Dogo ba ya bari ya sauka a kansa. Yau ga shi yana ta goge tanki, sirdin na gabansa, bai gani ba.

Kyauta ta ce, "Sannu da aiki, bawana. An ce za ka sayar da matarka?"

"Wa nake ji kamar tsohuwar akuya? Ai ta fi ki, ba ta cin tuwo, ba ta gulma."

"Ba ta gulma? Tusarta har Gagarawa ake ji!"

"Wani attajirin Maigatari ne ya nace. Ga mai ya yi wuya, sai daga Kano. Gobe zan hau in kai masa da kaina."

Kyauta ta dubi idanunsa. Hanyar Maigatari rairayi ce, ga ayarin raƙuma.

"Kai? Wanda ran Laraba ya yi wa kututture sallama a kasuwa?"

"Ya fi ki ladabi, bai zage ni ba."

"To sarkin tsabta, sirdin nan fa, an goge?"

"Sirdina? Zuba miya ki lashe."

Ta kama hannunsa ta ɗora a wurin. Ya shafa, ya kai yatsa hanci.

"Tun yaushe?" ta tambaya a hankali.

"Tun kaka. Kamar an tura min hayaki a ido. Kada Inna ta ji."

"Ni? In karya darajar bawana? Wa zai karɓe ka ko kyauta?"

Ta miƙa hannu ta zare tabaran hawan da ke rataye jikin babur ɗin.

"Wannan rabon 'yar kawu ne. Ba tabarau, ba hawa. Attajirin ya tako da ƙafarsa, in ba shi da ita raƙumi ya kawo shi."

"Ɓarauniya! Tun kina goye kike ƙwace min ƙuli."

"Ka aika ko in kira Inna?"

Dogo ya yi dariya.

"Zan aika. Riƙe tabaran, ko kya yi kyan gani. Ni dai Allah ya hutar da ni kallon fuskar nan."

Kyauta ta juya baya ta share ido da bakin mayafi, ta miƙo masa buta. Ya jiƙa tsumma, ya laluba, ya wanke sirdin tas.