Motar da Ba Ta Ciwo a Gaban Bakanike

Wani ne Allah ya yi shi da son a gan shi a mota. Bayan wannan ba shi da wani aibi. Ba ya shaye-shaye, ba ya ɗaga wa matarsa hannu, sai dai in mota ta wuce ya bi ta da kallo har wuyansa ya ƙage.

Rannan ya tattara ɗan abin da ya tara ya nufi filin dillalin motoci. Dillali ya dubi takalminsa, nan take ya gane irin baƙon da ya yi. Ya ja shi can baya, inda wata tsohuwar ƙaramar bas take tsugune, irin mai kujeru layi-layi da ƙofar da ake zugewa.

"Ka ga wannan?" in ji dillali. "Wata dattijuwa ce mai ita. Kasuwa kawai take zuwa da ita ta dawo."

Gogan naka bai tambayi dillali a wace ƙasa kasuwar take ba. Ya biya.

Ya shigo unguwa yana ta hon, hayaƙi na biye da shi kamar an cinna wa bola wuta. Matarsa ta fito, ciki ya fara turo zane, ta toshe hanci.

"Maigida, wannan hayaƙin fa?"

"Murna take yi, ta samu gida."

A haihuwar baya, saura ƙiris matar nan ta sauka a bakin titi suna jiran motar haya. Abin ya tsaya masa a rai. Sai ya dafa motar ya yi rantsuwa a gaban yaransa da maƙwabta.

"Wannan cikin, in Allah ya kai mu, ba mai tsayawa a titi yana ɗaga hannu. A motar mijinki za ki asibiti."

Ta dubi motar, ta dubi cikinta, ta ce Allah ya sa.

Ba a yi nisa ba mota ta fara ci. Ƙofar zugewa ce ta fara. Ya ja ta da safe, sai ga ta a hannunsa ɗungurungum, ya tsaya riƙe da ita kamar mai tallar faranti. Aka gyara. Lagireto ya kama tafasa, har mai shayin bakin layi ya ce da zai ba shi aronsa da ya huta da sayen gawayi. Aka gyara. Giya ta ce ita ba ta san baya ba, gaba kawai, duk inda ya shiga sai ya zagaya gari kafin ya dawo gida. Birki kuwa sai an roƙe shi tun daga nesa.

Kowane gyara da abin da yake fita da shi daga gidan. Giya ta ci firji. Lagireto ya sha talabijin. Shokozoba ta tafi da kujerun falo, har sai da aka ciro kujerar bayan motar aka ajiye a falo don baƙi. In ka je gidan gaisuwa, sai ka ga kanka zaune kana laluben bel.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babban ciwon shi ne mutuwa. Ana cikin tafiya lafiya lau, ba tari ba atishawa, sai ɗif. Kuma ba ta zaɓar lungu. Tsakiyar shataletale take so, ko gaban shagon wanda suka taɓa yin faɗa.

Ya kai ta gareji wajen wani bakanike da ake ce wa Injiniya. Ƙato ne na gaske. In ya zauna a bakin benci, wanda ke ɗaya bakin sai ya ga ƙafarsa ta bar ƙasa.

"Me ke damunta?" in ji Injiniya.

"Mutuwa take yi."

"To mu zaga in ji."

Injiniya ya cusa kansa a kujerar gaba ta gefen direba, mota ta karkata gefe guda. Suka hau titi. Suka bi kwalta, suka bi gargada, suka hau tudu suka gangara. Mota sai ka ce jiya aka ƙera ta.

"Bari ka gani, yanzu za ta yi," in ji mutumin.

Ba ta yi ba.

"A daidai nan ta yi jiya. Tambayi mai lemon can."

"Yallaɓai, lafiyarta ƙalau. Amma tunda ka zo, bari mu canza fulogi."

Aka canza, ya biya, ya kama hanya shi kaɗai. Ko kwanar gareji bai sha ba, ɗif. Ya turo ta da ƙirji har gaban Injiniya, gumi na ɗiga daga haɓa. Injiniya ya shiga ya zauna a kujerarsa ta ɗazu, ya ce, "Murɗa." Ya murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba.

"Batir ne," in ji Injiniya.

Aka canza batir. Da aka sake dawowa, famfon mai ne. Da aka ƙara dawowa, wani abu ne mai suna irin na maganin bature, wanda sai an aiko da shi daga nesa, kuɗinsa kuma ya tafi da gadon yara. Sai da aka canza komai a motar nan in ban da lamba da mai ita. Ba ta fasa mutuwa ba, kuma ba ta taɓa yi a gaban Injiniya ba.

Mutumin ya zauna ya yi tunani, irin tunanin da gara a ce bai yi ba.

"Injiniya, ni fa na gano. Tsoronka take ji."

"Ai sun san mu," in ji Injiniya, yana share hannu da tsumma.

"To ga shawara. Ka riƙa bi na duk inda za ni. Komai wayonta, wata rana za ta manta ta yi a gabanka, sai ka kama ta."

"Garejina fa?"

"Zan riƙa biyan wuninka. Ci da sha kuma a gidana."

Injiniya ya ce zai yi tunani. Kafin ya rufe baki ya rufe gareji.

Da sassafe sai a ji sallamarsa, shayi bai ko sauka daga wuta ba. Ya sha da burodi da ƙwai, ya shiga gaba ya hakimce. Matar gida da cikinta ta koma baya, tana riƙe da ƙofar zugewa kada ta faɗi. A kai yara makaranta da shi, a je awo asibiti da shi, a je gaisuwar rashin lafiya da shi, har ya fi kowa yi wa marar lafiya addu'a. Yara suka koma kiransa Kawu. Ya san ranar da ake dafa kaza. Ya san cinya tasa ce.

"Uwargida," in ji shi, yana siɗe yatsa, "yau hannu ya faɗa daidai. Jiya ne gishiri ya ɗan yi ƙasa."

Ta bari ya fita wanke hannu, ta juyo kan mijinta.

"Maigida, mota ka saya ko ƙato ka ɗauko riƙo?"

"Ki yi haƙuri. Tun da ya fara shiga, kin ga ta mutu?"

"Ita ba ta mutu ba. Buhun shinkafa ne ya mutu."

Maganar ta shige shi. Sai ya ce bari ya yi wa mota dabara. Ya karɓi rigar aikin Injiniya, wadda baƙin mai ya rine, ya shimfiɗa a kujerar gaba, ya ɗora hularsa a sama, har ya ɗaura mata bel. Ya shiga yana magana da ƙarfi don mota ta ji.

"Injiniya, ka zauna da kyau, za mu tashi!"

Ya yi 'yar tafiya, ɗif.

Ya dawo gida a ƙasa, riƙe da riga da hula, jiki a sanyaye.

"Ta gane," in ji shi.

"Ai na gaya maka ba yara ba ne," in ji Injiniya. "An sauke abinci?"

Da watan haihuwa ya kama, sai surukarsa ta zo zama da 'yarta. Mace ce mai jiki, mai murya, wadda ba ta maimaita magana. Ta shiga falo ta ga kujerar mota, ta leƙa kicin ta ga babu firji, ta fito ta ga ƙato a kan tabarma da kwano a gabansa.

"Wannan ɗan'uwanka ne?"

"A'a Inna, na mota ne."

Ta dai dube shi, irin duban da ke sa mutum ya tuna duk laifinsa tun na yarinta.

Rannan da rana tsaka naƙuda ta tashi gadan-gadan. Aka kwantar da matar a kujerar tsakiya, uwarta ta shiga ta tallafe ta. Injiniya ya ajiye cokali ya nufi kujerarsa.

"Ina za ka?" in ji suruka.

"Wurina, Inna."

"Ba dai a motar da 'yata ke naƙuda ba. Ƙaton banza, ba dangin uwa ba na uba, ka zauna kana jin nishinta? Fita!"

Mutumin ya durƙusa. "Inna, ki rufa mini asiri. In babu shi ba za ta kai mu ba."

"Shi ne injin?"

"Kusan haka ne, Inna."

Aka yi ta ja, matar na ta salati a ciki. Daga ƙarshe suruka ta nuna ƙarfen ɗaure kaya da ke saman motar.

"In dole sai da shi, ga wurin kaya can."

Maƙwabta suka taru suka tura Injiniya sama, rufin mota ya lotsa. Ya kwanta rub da ciki ya rungume ƙarfe. Aka tashi.

Sun yi nisa, har ana hango hasumiyar tankin ruwan asibiti, sai ɗif. A tsakiyar titi, a rana, motoci na ta hon.

Kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Tsalle ya daka ya fito yana tafi.

"Alhamdu lillahi! Ta yi! Yau dai ta yi! Injiniya, ka ji da kunnenka? Jama'a ku shaida, yana nan ta yi!"

Injiniya ya leƙo daga sama, ido ya yi ja, gashin baki ya miƙe.

"Ban ji komai ba, Yallaɓai. Iska ta cika mini kunne."

"To ka ga dai ta tsaya!"

"Na zaci kai ka taka birki. Ku bari in sauko in zauna a gaba mu gani."

"Ka sauko in karya ka!" in ji suruka daga ciki.

Matar ta ƙwalla ƙara ta ce ita fa abu ya zo. Mutumin ya koma ya kama makulli yana ta murɗawa, ko ƙyas. Yana murɗawa yana lallashi.

"Haba 'yar albarka. Yana nan fa, yana sama. Wallahi bai tafi ba."

Nan haƙurin suruka ya ƙare. Ta ja ƙofar zugewa, ƙofa ta biyo ta, ta jingine ta a jikin wata mota. Ta zagayo ta fizge ƙofar gaba, niyyarta ta kama kunnen surukinta ta murɗe shi yadda yake murɗa makullin nan. Ta faɗo kan kujerar Injiniya da dukkan nauyinta.

Mota ta tashi.

Ya saki baki yana kallonta.

"Inna, ashe ke ma..."

"Ja mu tafi, shashasha!"

Ya taka mai. Injiniya da ya riga ya sauko da ƙafa ɗaya ya mayar da ita da sauri. Haka suka shiga asibiti, ba ƙofa a gefe, ƙato a sama yana kiran sunan Allah, suruka a gaba riƙe da kunnen direba. Aka shiga da matar a guje. Ko zama ba su yi ba aka ji kukan jaririya. Uwa lafiya, 'ya lafiya.

Mutumin ya fito ya zauna a gindin wata bishiya kusa da motar. Injiniya na gefe yana karkaɗe ƙura daga gashin baki.

"Injiniya, abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Inna ko sifana ba ta taɓa riƙewa ba. Me ya sa motar nan take tsoronta?"

"Wane tsoro, Yallaɓai? Wata 'yar waya ce ta saki a ƙarƙashin kujerar gaba. In mai nauyi ya zauna sai ya danne ta, wuta ta haɗu. In ya tashi ta rabu."

Mutumin ya juya wajen motar. Ya dubi kujerar. Ya dubi tumbin Injiniya.

"Gyaran nawa ne?"

"Wannan ai ba a karɓar kuɗi. Filaya ce kawai, a matse."

"Yaushe ka gane?"

"Tun ranar da na fara shiga."

Mutumin ya miƙe tsaye. "Tun ranar farko? Fulogi fa? Batir fa? Gadon 'ya'yana fa? Wata da watanni kana zaune a kan waya, me ya hana ka matse ta?"

Injiniya ya sunkuyar da kai, ya yi ajiyar zuciya.

"Kullum da niyyar nake fitowa daga gida, Yallaɓai. Amma tsakani da Allah, matarka ta iya girki."