Motar da Ta San Ɓarawo

Wani ne a Fagge, ɗan tebur a bakin Kantin Kwari, yana yankan yadi. Ba shago, ba rumfa. Tebur ne da laima da almakashi da sandar awo. Lokacin nan sojoji sun koma bariki, farar hula ta karɓi mulki, duk wanda ka taɓa sai ka ji takara yake yi. Mai shayin layinsu ya fito kansila. Wanzaminsu ma ya buga fasta. Mutumin nan ya shafa kansa, ya ji ai shi ma hula tana zama a kai. Ya ce wallahi ba za a raba ƙasar nan yana riƙe da almakashi ba.

Ya sayi fom ɗin takara a wata jam'iyya. Aka ce masa, "To, ranar tantance 'yan takara kada ka kuskura ka zo a kan acaɓa. In ba mota, ko benci ba za a ba ka ba."

Ya sayar da ɗan filin da ya gada, ya nufi Sabon Gari wurin Sylvester mai sayar da motocin Beljiyam. Shi Sylvester haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar ruwa, ciniki kuwa zai iya sayar wa kifi laima. Ya nuna masa wata jar mota da ta gama cin duniyarta a ƙasar Turawa, ta zo Kano ƙarasa kwana.

"Alhaji, wannan taka ce."

Mutumin da ko filin jirgi bai taɓa leƙawa ba, ya ji an ce Alhaji. Ai nan ciniki ya ƙare.

Sylvester ya ƙara da cewa, "Kuma tana da alam. Ɓarawo ya taɓa ta, sai ta kurma ihu."

"Ihu? Kana nufin ta san ɓarawo?"

"Ta sani mana. Aikin Bature ne."

"Kowane iri?"

"Kowane iri, Alhaji. Ya taɓa ta kawai."

Sai mutumin ya ja da baya. Ya zura hannuwansa a aljihu, don shi ya san abubuwan da ya aikata a rayuwarsa. Abin da Sylvester bai faɗa ba shi ne, wayoyin motar sun tsufa, ɓeraye kuma sun ci rabonsu tun a jirgin ruwa. Ba ruwanta da ɓarawo. Rana ta yi zafi ta yi ihu, babbar mota ta wuce ta yi ihu, wani lokaci ma haka kawai don ta tuna gida.

Ya yi bisimilla bakwai ya shiga, ta yi shiru. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ba ta gane ni ba tukuna."

Ya isa ƙofar gida, matarsa Bintu ta fito ganin mota. Ya tsaya gefe ya ce, "Taɓa ta mu gani." Ta shafa, shiru. Maƙwabta suka zo suka shafa, shiru. Har wani da unguwa take zargi da kwashe takalma a masallaci ya jingina da ita, shiru. Mutumin ya saki jiki, ya ɗora hannu a kan bonet don ya yi bayani.

Wiii-u! Wiii-u! Wiii-u!

Kaji suka watse. Shi kuwa ya janye hannunsa da sauri. Ya dubi motar, ya dubi Bintu.

"Bintu, naman nan da yake ɓacewa a tukunya, ba mage ba ce. Ni ne."

Motar ta yi tsit.

"Kin gani! Ta yi shiru!"

Bintu ta riƙe haɓa. "Innalillahi! Shekara biyu ina jifan magen mutane?"

Ba ta rufe baki ba motar ta sake ɗauka.

"To, to, na ji! Ɗan kunnenki na zinare ma ba a gidan biki ya faɗi ba."

Bintu ta dubi motar da ƙauna ta ce, "Allah ya shiryi Baturen da ya ƙera ki. Maigida, kullum a nan za ka riƙa ajiye ta, kusa da taga."

Washegari ya je kasuwa. Ya ajiye motar can tsallaken Titin Ibrahim Taiwo, wai don kada ta sa masa ido. Hajiya Falmata, tsohuwar mai sayen kayansa, ta zo yankan shadda. Ya ɗauko sandar awo, ya auna ɗaya, ya auna biyu. Yana kai na uku sai ya jiyo ta daga tsallaken titi, muryar nan da ko cikin dubu zai gane.

Almakashi ya faɗi daga hannunsa. "La ilaha illallahu! Daga nesa ma gani take!"

"Wa ke gani?" in ji Hajiya Falmata.

"Hajiya, ki yafe ni. Sandar nan na rage mata yatsa huɗu."

"Tun yaushe?"

"Tun zamanin soja."

"Amma kai dai Allah ya isa! Tela uku na canza, ina cewa su ne suke cinye min yadi!"

Kafin azahar labari ya zaga Kwari. Mata suka yi layi, kowace da tsohon ɗinkinta a hannu, tana nuna inda hannun riga ya ɗage. Da kyar ya sulale ta bayan tebur.

Ya koma wurin Sylvester a fusace. "Ka cire mata bakin nan. Gobe ne tantancewa. In ta yi min haka a gaban manya, na rasa fili, na rasa kujera."

Sylvester ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ce, "Alhaji, ba wani abu ba ne, waya ce take taɓa waya. Sai dai mai wayarin ɗina ya tafi gida biki, sai mako mai zuwa."

Mutumin ya dafa kafaɗarsa. "Na gode da kake so ka rufa min asiri. Amma ni da ita mun san ba waya ba ce."

Ranar tantancewa ya sha babbar riga, ya tsaya a kan motar ya yi mata magana a hankali. "Don Allah yau kaɗai. Awa ɗaya. In na ci, sabuwar taya zan sa miki."

Ofishin jam'iyyar wani shago ne a Fagge da aka shafa wa fenti aka kafa tuta. Shugaban masu tantancewa Alhaji Modu ne, mutumin da aka ba kwangilar kwalbatin unguwar har sau uku, kuma har yau tsallake kwatar ake yi. Shi da dattawa biyu suka fito duba motar ɗan takara, don a ganinsu nan ne rabin cancanta.

Alhaji Modu ya dafa ta. Shiru. Ya bubbuga rufinta. Shiru. Ya juya ya zauna daɓas a kan bonet har ta lotsa. Ko tari ba ta yi ba. Dattawan nan ma suka jingina, suna yaba launi.

Idon mutumin ya ciko da hawaye. A ransa ya ce, "Allahu akbar. Ashe duk sharri ake yi wa bayin Allah. Ni ne kaɗai lalatacce a wurin nan."

Alhaji Modu ya ce, "Buɗe mana mu ga ciki."

Ya matsa kamar mai zuwa wurin maciji. Ya miƙa yatsa ɗaya ya taɓa ƙofa.

Wiii-u! Wiii-u! Wiii-u!

Wannan karon har fitilu suka taya ta. Sauran 'yan takara suka fito, masu wucewa suka tsaya. Mutumin ya zube a ƙasa da babbar rigarsa.

"Ranka ya daɗe, tunda ta faɗa bari in ƙarasa! Sandar awona ba ta cika ba!"

Motar ba ta tsaya ba.

"Ina sayar da atamfar roba a matsayin ta Holan! Na ci naman tukunya! Na sayar da ɗan kunnen matata!"

Ba ta tsaya ba.

"Zakaran maƙwabcina da ya ɓace da ƙaramar salla, da shi muka yi farfesu! Rigar nan ma ta wani ce ya ba ni ajiya, na ce masa gara ta cinye!"

Ya yi ta zubowa har ya kai kan rake da ya zara a bayan wata akori-kura yana ɗan shekara tara. Nan batir ya gaji, motar ta yi wani ɗan kuka ta mutu.

Mutumin yana durƙushe, ya san tasa ta ƙare. Alhaji Modu ya sauko daga kan bonet, suka haɗa kai da dattawan suka yi ƙus-ƙus. Sannan ya juyo.

"Shi ke nan?"

"Wallahi shi ke nan, ranka ya daɗe."

"Ka dai tuna da kyau. Ba filin makaranta? Ba rijiyar burtsatse? Ko takin zamani mota ɗaya?"

"Ko buhu ɗaya, ranka ya daɗe. Na rantse."

"Shekarunka nawa?"

"Arba'in da biyar."

Alhaji Modu ya girgiza kai cikin takaici, ya miƙa masa fom ɗinsa.

"Shekara arba'in da biyar, ka ƙare a zakara da rake? Tashi, Malam. Kujerar nan ba wurin koyon aiki ba ce."