Ranar da Na Girgiza Kwalbar Farfesa

Ba zan taɓa mantawa da yinin nan ba, ko da yake gara in faɗa tun farko cewa shekaru sun ja, wasu abubuwan sun fara cakuɗe mini. Ina jin farkon kaka ne. Abin da na tabbata kawai shi ne ana yayyafi.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnatin jiharmu tana ta tura mu karatu waje. Ni Landan aka turo ni, ina zaune a unguwar Camberwell tare da Istifanus, ɗan garinmu mai karatun likita (mutumin da ba zai ga ka shiga damuwa bai ƙara maka ba). Na gama digiri na biyu a fannin madatsun ruwa, saura Farfesa, malamin da ke duba aikina, ya ce ko zai riƙe ni in yi na uku. In ya ce a'a, tallafin karatu ya yanke, sai gida. Ga shi Baba ya riga ya tashi a coci ya sanar cewa ɗansa dokta zai dawo.

Ana cikin wannan jira Farfesa ya gayyaci ɗalibansa kwanan daji a wani kurmi da ke gefen birni. Na roƙi Istifanus ya raka ni.

"Wato mun baro bukka a gida, mun hau jirgi, don mu zo mu kwana a tanti?" in ji shi. Amma ya zo.

Tun a mota na lura Farfesa ya ba matarsa wata kwalbar ruwan inabi ta riƙe a tsaye, kamar jariri ranar baftisma. Da muka kafa tantuna, ciyawa jiƙe, itace yana ta hayaƙi ya ƙi kamawa, ya ɗora kwalbar a kan wani kututture ya ce kyautar marigayi mahaifinsa ce, ta daɗe a ajiye, yau za a buɗe ta. Sai suka tafi neman busassun itatuwa, aka bar ni gadin kaya.

Ni kuwa tun safe nake neman abin da zan yi a ce yaron nan yana da hankali. Na jera kofuna. Na sake jera su. Sai na ɗaga kwalbar wajen haske, na ga wani baƙin abu ya kwanta a gindinta.

A garinmu, ko kunu ko burukutu, ba a miƙa wa babba sai an motsa. Wanda ya ba dattijo ruwa-ruwan da ya taso sama ya bar mai kaurin a ƙasa, sai a ce ba shi da tarbiyya. Saboda haka na kama kwalbar da hannu biyu na girgiza ta. Ba girgizar wasa ba (ni ba na yin aiki rabi da rabi). Har kife ta na yi, don kada wani abu ya maƙale.

Ina cikin haka suka dawo. Matar Farfesa ta saki itacen da ke hannunta.

"Mutumina," in ji Istifanus da Hausa, ƙasa-ƙasa, "kujerar taga kake so a jirgin Kano, ko ta tsakiya?"

Farfesa ya karɓi kwalbar ya duba. Ta koma kamar ruwan rafi bayan ambaliya. A hankali ya bayyana mini cewa kwana da kwanaki ya tsayar da ita don abin nan ya kwanta, domin ɗaci ne da shi.

"Shekara guda muna nazarin yadda laka ke kwanciya a madatsa, ni da kai," in ji shi. "To, masani, yaushe wannan zai kwanta?"

Kowa ya zuba mini ido. Na san ba maganar inabi kaɗai ake yi ba.

"Ranka ya daɗe," na ce (da Turanci, amma haka zuciyata ta faɗa), "ya danganta. Manyan ƙwayoyin lakar za su sauka kafin gobe, wataƙila. Ƙananan kuwa ba zan iya cewa ba sai an auna, kuma sanyin nan zai iya jinkirta su."

Farfesa ya mayar da kwalbar kan kututture. Sannan ya ce wanda ya ƙi yin ƙarya a irin wannan hali zai iya aiki da shi, in zo ofis ranar Litinin, amma kada in sake taɓa masa kwalba muddin yana raye.

Da yamman nan inabi mai arha muka sha, wanda matarsa ta ɗumama a tukunya da kanumfari. Hayaƙi a ido, safa a jiƙe, kofi da ɗumi a tafin hannu. Ban taɓa shan abin da ya yi mini daɗi haka ba, ko da yake mai yiwuwa tsira ce nake ɗanɗana.

Tun daga ranar, in na ga abu a gidan mutane ya kwanta, ina fara tambaya ko da gangan aka kwantar da shi.

Istifanus yana gaya wa jikokinsa wai har rawa na taka ina girgizawa. Ban tuna haka ba, amma ba zan rantse ba. Duk wanda yake kurmin nan a ranar, don Allah ya aiko mini da gyara.