Liyafar Tsaye a Gidan Darakta

Akwai wani gida mai koren get a Funtuwa, bayan layin 'yan katako, wanda kowa ke kira gidan Darakta. Sunan mai gidan na yanka Ɗayyabu, amma tun da ya riƙe mataimakin darakta a wata ma'aikata ya daina amsa shi. Da ya yi ritaya sai ofis ya karɓe mota, ya karɓe direba, ya bar masa sunan ya ci gaba da amfani da shi. 'Ya'ya duk sun watse, gidan ya koma na mutum uku: shi, da matarsa Hajiya Yalwa, wadda ta taɓa yin wata shida a Abuja ba ta kuma warke daga yangar can ba, sai yayansa Nomau a ɗakin bakin get.

Nomau da Darakta uwa ɗaya uba ɗaya suke. Nomau ne ya zauna ƙauye ya riƙe fadamar da ubansu ya bari, kuma albasar fadamar nan ce ta yi karatun Ɗayyabu tun daga firamare. Ba shi da mugunta, ba ya ƙarya. Ciwonsa guda ne: ya ɗauka abin da mutane suka faɗa shi suke nufi. Ya zo birni ganin likita saboda ƙafarsa, Hajiya ta ce, "Yaya, zauna mana." Ya zauna. Shekara biyu ke nan ba wanda ya ce ya tashi, wani maƙwabci ke duba masa fadama.

Wata goma sha ɗaya da ritaya, wayar Darakta ta yi shiru kamar an binne ta, har ya daina yawo da ita. Ana nan sai ya ji akwai kujera a wata hukuma, kuma rabon kujerun yana hannun Alhaji Badamasi, attajirin da ya daɗe yana yaba fadamar nan. Darakta ya yanke shawara: zai tara manya a gidansa, a gabansu ya miƙa wa Alhaji takardar fadama kyauta, sauran kuma Alhaji ya san abin da ya dace.

Hajiya ta ce, "Amma ba walimar shinkafa da miya za mu yi ba, kamar 'yan ƙauye. Koktel za mu yi."

Nomau ya ce, "Wane ne shi?"

"Liyafa ce, Yaya. Ba a zama. Kowa a tsaye da ɗan kofinsa, ana sha ana hira."

"Laifin me suka yi?"



Wata rana katunan gayyata suka iso daga wajen mai bugawa, guda talatin, masu ruwan zinare a gefe. Hajiya ta danƙa wa Nomau ta ce, "Yaya, don Allah ka raba waɗannan kafin azahar." Nomau ya ari almakashin telan layi, ya zauna a gindin dalbejiya, ya raba kowane kati gida biyu daidai wa daida, ko ɗan karkata babu. Ya dawo da sittin yana fara'a. Hajiya ta ɗora hannu a ka.

"Rabawa na ce! Rabawa!"

"Ga su nan a rabe, Hajiya. In kina son huɗu-huɗu ma, almakashin na nan."

Aka sake buga wasu, Darakta ya kai da kansa a cikin Keke Napep, yana sauka nesa da kowane gida don kada a ga abin da ya kawo shi.

Wata rana Darakta ya kira Nomau falo, ya shimfiɗa takarda a tebur ya ce, "Sa hannu a nan." Nomau ya ɗora tafin hannunsa a kan takardar ya bar shi. Can Darakta ya yi tsaki, ya kama babban yatsan yayansa ya dangwala a tawada, ya danna a ƙasan takardar.

Nomau ya ce, "Ta mece ce?"

"Ta fadama. Alhaji Badamasi zan ba."

"Shi kuma ya ba ka me?"

"Kujera."

Nomau ya duba falo. Kujeru goma sha biyu ne, kuma a ranar Hajiya ta sa aka fara fitar da su saboda liyafa. Washegari ya tafi ƙauye ya sayar da akuyarsa, ya biya layin 'yan katako, da yamma sai ga shi ɗauke da kujera a ka, ta maɗaci, mai hannu biyu, har da katifa. Ya dire ta a gaban ƙanensa yana haki.

"Ga kujera, Ɗayyabu. Kafinta ya ce za ta yi shekara arba'in. A bar fadamar."

Darakta ya daɗe yana kallon kujerar. Ni dai an ce mini idonsa ya kawo ruwa, amma wanda ya gaya mini ɗin yana da ƙari a magana. Abin da na tabbatar shi ne ya ce a kai ta bayan gida, wajen tankin ruwa, kuma nan aka kai ta.

Wata rana Hajiya ta ce za a yi gwaji, don kada a ji kunya ranar. Ta soya cincin, ta yi samosa, ta yanka tsire ƙanana-ƙanana ta soke kowane da tsinke, ta jera a faranti uku. Ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ɗanɗana, ta shiga kicin ɗauko zoɓo, tana cewa, "Yaya, ga ɗan abin taɓawa nan, bisimilla." Nomau ya yi bisimilla, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana taɓawa, bai tsallake ko guda ba, kuma daga gyaran kwata ya fito. Maƙwabciya ta shigo ta kai samosa baki, ya riƙe farantin.

"Baiwar Allah, taɓawa aka ce."

Kafin magariba labari ya gama layi cewa a gidan Darakta yanzu abinci taɓa shi ake yi, a koma gida a ci tuwo.

Wata rana, ana jibi liyafa, aka aike shi kasuwa sayen ƙanƙara don a ga ko firiza za ta riƙe ta. Ya kawo manya guda huɗu a buhu, duk ɗauke da dussar katako. Hajiya ta ce, "Ka wanke su tas, Yaya, har sai ba ka ga komai ba." Nomau ya kai bakin famfo, ya sa soso da sabulu. Aiki ne mai cin lokaci, amma shi mutum ne mai haƙuri. Da la'asar ya shigo da buhu a ninke, hannuwansa sun yi fari.

"An gama. Ba a ganin komai."

Hajiya ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Daga ciki aka ji tana ce wa Darakta, ko dai a san inda za a ajiye mutumin nan ranar Asabar, ko ita ta tafi gidan yayarta a Zariya.

Wata rana, ita ce Asabar ɗin, gida ya tashi tun asuba. Hajiya ta haɗa zoɓo da abarba da kanumfari, ta haɗa kunun aya da dabino da kwakwa, ta yi wani kore da na'ana'a da lemon tsami wanda ita kaɗai ta san sunansa. Ta jera kofunan gilashi masu dogon wuya, ta maƙala wa kowane yankan lemo a baki. Falo ya zama fili, ba kujera ko ɗaya. Darakta ya sa babbar riga ruwan madara, takardar fadama na cikin ambulan a aljihun gaba. Abu ɗaya ke damunsa: kada dangin ƙauye su ji labari su cika masa gida da buhunan tsaraba da gaisuwa mai tsawo. Sai ya kira Nomau bakin get.

"Ka saurare ni da kyau. Abokaina kaɗai za su shiga. Duk wanda ya zo ka tambaye shi. Yau ba ranar 'yan'uwa ba ce. Ɗan'uwa, ko wane ne, ya tsaya a waje."

"Har ni?"

"Har kai."

Nomau ya fita, ya ja get ya sa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu, ya tsaya.

Bayan la'asar mota ta farko ta tsaya. Alhaji Mamuda ne, ɗan kwangilar da ya ci arzikin ofishin Darakta shekara tara, bai kuma ƙara tako gidan ba tun ranar ritaya.

Nomau ya ce, "Kai abokin Ɗayyabu ne?"

"Darakta? Haba, tsoho, ai mun wuce abota. Ɗan'uwana ne na jini."

"To tsaya nan kusa da ni. Yau ba ranarmu ba ce."

Alhaji Mamuda ya yi dariya, ya tura get, ya ji kwaɗo. Kafin ya buɗe baki wasu motoci uku sun iso. Da yake kowa ya fito yana ganin idon kowa, ba wanda ya yarda ya zama aboki kawai. Wannan ya ce shi da Darakta ciki ɗaya ne ba su fito ba. Wancan ya ce Darakta uba ne a gare shi. Nomau ya jera su a inuwar katanga, yana mamakin yawan dangin da bai taɓa gani a wajen suna ko jana'iza ba. Suka yi ta kiran wayar Darakta, tana can a ɗaki ƙarƙashin filo, janareta kuma na ta ruri.

Sai ga baƙar jif ta Alhaji Badamasi. Direba ya buɗe masa, ya fito yana gyara hula, 'yan'uwan jini suka yi caa suna gaisuwa.

Nomau ya tare shi. "Kai abokin Ɗayyabu ne?"

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Aboki? Ni sa'ansa ne? Ɗayyabu yarona ne."

"To ba ka ciki. Abokai aka ce."

"Ka san da wa kake magana?"

"Yanzu ka gaya mini. Ubangidansa. Ga inuwa can."

Wani a cikin jerin ya yi dariya, bai samu ya haɗiye ta da wuri ba. Wannan dariya ita ta ƙarasa aikin. Alhaji Badamasi ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Ni za a tsayar a titi? A gidan ɗan fansho? Ka shiga ka gaya masa, kujerar da yake wa wannan rawar kai tun Laraba aka rantsar da surukina a kanta! Don mutunci na zo, in karɓi takardar da ya nace zai ba ni, in sha ruwa in tafi. Ya riƙe ruwansa!"

Ba sai an shiga an gaya masa ba. Darakta ya gaji da jiran baƙi a falo, ya fito ya ga abin da ya tsare su, yana tsaye a bayan get tun daga "yarona ne", hannunsa a kan aljihun gaba. Jif ta tashi. 'Yan'uwan jini suka shiga motocinsu suka bi ta a jere, ko sallama babu.

Nomau ya buɗe kwaɗo ya leƙa. "Ɗayyabu, har yanzu aboki bai zo ba. In ci gaba da tsayuwa?"

Mutum zai iya yafe wa wanda ya cuce shi, amma da wuya ya yafe wa wanda aka tozarta shi a gabansa. Darakta ya zaro ambulan ya jefa wa yayansa a ƙirji.

"Ɗauki tsiyarka. Ka tafi inda ba zan ƙara ganinka ba."

Nomau ya tsuguna ya ɗauki ambulan, ya kaɗe ƙurar. Ya tsaya yana tunani, don ba ya son ya sake yin kuskure. Kasuwa dai Ɗayyabu na zuwa. Masallacin Juma'a yana zuwa. Asibiti ma yana zuwa duba hawan jini. Can fuskarsa ta washe. Ya shiga ɗaki ya ɗaure kayansa a buhu, ya nufi tasha tun rana ba ta faɗi ba.

Bara na bi ta ƙauyen nasu, na same shi a fadama, ƙafa cikin laka, albasa ta yi kore shar har bakin rafi. Ya yi bukka a gefe. Kowace kaka yana aika buhu biyu gidan Darakta ta hannun direban tasha, ana karɓa, ba a aiko da komai. Ya ce mini ya zaɓi nan ne saboda shekara talatin Ɗayyabu bai taka wurin ba.

Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya, ya rage murya.

"Kana ganinsa?"

Na ce ina ganinsa, yana nan lafiya.

"Ya ce ya ganni?"

Na ce a'a.

Nomau ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. Wannan karon dai na yi daidai."