Tabarau Mai Ja da Shuɗi

Ba zan taɓa mantawa da makon da sashenmu na kimiyyar sinadarai a Gusau ya samu manhajar nuna siffar furotin ba. Wai idan ka sa tabarau mai gilashi ɗaya ja, ɗaya shuɗi, sai siffar ta taso daga allon kwamfuta kamar ka kai hannu ka ɗauka. Ni da na sa, a shafe na gan ta, kamar zanen atamfa.

Ni ne shugaban ɗakin gwaji (mai ji da kansa kuwa, gara in faɗa da bakina), don haka nan take na yanke hukunci: Malam Isa, mai kula da na'urorinmu, ya ɓata saitin. Dattijo ne da ke zuwa kullum daga Bunguɗu, saura kaɗan ya yi ritaya. Kwana huɗu ina sa shi yana goge manhajar yana sake ɗorawa. Ya canja waya, ya canja allo, ya aro wani tabarau.

"Dakta, ni fa wallahi ina ganin zurfin," in ji shi.

Ɗalibai ma suka ce suna gani. Na ce tausayinsa suke ji. Na rubuta masa takardar tuhuma kan sakaci da aiki.

Ranar da aka zauna kan maganar, gaban malamai shida, na kunna kwamfutar don in kafa hujja. Hajiya Rabi, shugabar sashen, ta sa tabarau, ta ja kai baya da sauri. Ta cire, ta ƙura mini ido.

"Dakta, rufe idonka na dama. Yatsu nawa na ɗaga?"

Na rufe. Ban ga yatsu ba. Ban ga Hajiyar ba ma. Hayaƙi kawai, da ɗan haske a gefe.

Ba wanda ya yi dariya (da sun yi, da ya fi mini sauƙi). Malam Isa ne ya goya ni a babur ɗinsa zuwa asibitin ido, takardar tuhumar na leƙowa daga aljihunsa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar gani a ɓoye. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ake ƙoƙarin cetowa.

Na roƙi gafarar dattijon. "Ba komai, Dakta," ya ce, yana kallon ƙasa.

Yanzu idan na'ura ta ƙi aiki, kafin in nemi mai laifi sai na taɓa na kusa da ni: "Malam, kai me kake gani?"