Rasuwar Mai Hamma, Ƙahon Iskar Jirgin La Baisu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta gama warkewa daga na bara ba, Wa Nurumi, tsohuwar malamar makaranta a tsibirin Binongko, matar marigayi La Baisu, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da matuƙa jiragen ruwa na kusa da na nesa rasuwar Mai Hamma, ƙahon tagullar nan da ke zaune a kan rufin ɗakin jirginsu yana haɗiyar iska. Ya rasu ranar Talata da hantsi a hannun maƙerin da ya ƙera shi, yana da shekara talatin da 'yan kai. Ya tafi bakinsa a buɗe, kamar yadda ya rayu.

Tana kuma sanar da cewa ta ji abin da ake faɗa. Gwiwarta ce ta tsufa, kunnenta yana nan garau. Tun da aka kawo gawar La Baisu, wanda ya shiga ɗakin jirgi ya yi barcin rana a hanyar dawowa daga tsibirin Flores bai farka ba, magana take yawo daga bakin rijiya zuwa maƙera, cewa Mai Hamma ne ya zuƙe masa numfashi, kuma matar da ta sa aka huda jirgin don a dasa ƙahon ita ce ta buɗe wa ran mijinta ƙofar fita. Wa Sarifa, ƙanwar La Baisu, ta faɗa mata ido da ido ranar sadakar arba'in, tana miƙa mata farantin kifi.

"Yaya Malama, ba zarginki nake ba, Allah ya sani. Amma jirgi cibiyarsa ɗaya ce. Kin taɓa ganin mai cibiya biyu ya yi tsawon rai?"

"Sarifa, mutumin nan ya haura saba'in."

"Babanmu ya yi casa'in," in ji Wa Sarifa, ta wuce da farantin.

Tun daga ranar jirgin ke kan yashi. La Mpae, ƙanen La Baisu da suka yi rabin rayuwarsu tare a teku, ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka shi ba sai an toshe ramin. Malama ta yi wa mutane dariya a fili. A cikin ɗaki kuwa ita kaɗai ta san tambayar da take yi wa kanta: ko da gaske ita ce?

An haifi marigayi Mai Hamma ne saboda tari. La Baisu yana dakon busasshiyar kwakwa da kanumfari a ɗan ƙaramin jirginsa mai filafilan zane da iska ke turawa, kuma ɗakin da yake kwana bai fi kabari faɗi ba, ƙofa ɗaya, babu taga. Tururin kwakwa yana tasowa daga ƙasa, katako yana zufa, tabarma tana fumfuna. Duk dawowa sai ya iso da ƙirji kamar ana tuƙa tsakuwa a ciki. Wata shekara Malama ta je birnin Baubau taron malamai, ta ga wani ɗan jirgin baƙi a tashar ruwa da ƙahoni biyu a kansa. Ta bar taron, ta roƙi mai jirgin da hannu da ido har ya buɗe mata akwatin da ƙahon ke zaune a kai, ta ga dabarar: iska da ruwa suna shiga tare, ruwa ya faɗi gindin akwati ya tsiyaye ta ƙananan ƙofofin gefe, iska kuwa ta tsallake wani ɗan shinge ta gangara ɗaki ta bututun da ke can gefe, inda ido ba ya kaiwa daga sama.

Ba a gaggauce aka zaɓe shi ba. Akwai wani iri mai kama da laimar kwaɗi, wanda ba ya kama igiya, amma ta lura fitar da iska ya iya, shigo da ita sai a hankali. Ta ƙi shi. Ta ce mijinta iskar da zai sha yake nema. Ta auna faɗin bakin da tafin hannunta, ta zana shi a bayan takardar jarrabawa, ta kai wa La Tarima maƙeri, wanda ya saba ƙera adda da wuƙa, ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Malama, wannan kakaki ne ko buta?" Ta kuma zaɓi mazauninsa da kanta: ba can goshin jirgi ba inda igiyar ruwa ke marin duk abin da ta samu, ba kan hanyar ƙafa ba, ba inda igiyar filafilai za ta shaƙe masa wuya ba. Gaban rufin ɗaki, ɓangaren dama, saitin inda kan mai barci yake, domin iska ta shiga ta nan ta share ɗakin ta fita ta ƙofar da ke baya.

Sai aka zo kan huda katako. Kowa a nan ya san magina jirgi suna huda masa cibiya a ƙashin bayansa da addu'a ranar da zai sauka ruwa, kuma dattawan unguwarmu suna cewa daga wannan ba a ƙara wata. La Baisu ya daɗe yana kallon zanen.

"Nurumi, wancan ramin da addu'a aka huda shi. Wannan fa?"

"Kai ma cibiyarka ɗaya ce, amma hancinka ƙofa biyu. Toshe su mu ga albarkar cibiyar."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "To, Malama, an ji." Sharaɗi ɗaya ya kafa: shi kaɗai zai yi aikin, kada hannun kowa ya shiga, in akwai abin da zai biyo baya ya tsaya a kansa. Ya yi aikin ranar da take aji. Da ta taso ta tarar Mai Hamma zaune daram a kan akwatinsa na katako, an liƙe gefuna da danƙo tsaf, yana ƙyalli. A cikin ɗaki kuma ga zoben tagulla a rufi da raga mai ƙananan ido saboda sauro. Ta ɗaga hannu ƙarƙashin ragar ba ta ji komai ba. Ya ce, "Jirgi a tudu ai ba ya numfashi, sai ya hau ruwa." Matar mai jirgi ba ta bin jirgi, kuma ko da tana bi, Malama ko kwalekwalen zuwa kasuwa ta hau sai ta amayar da na jiya. Ta yarda. La Mpae ne ya raɗa masa suna a ranar, ya ce bai taɓa ganin ma'aikacin da ya fara hamma tun kafin ya kama aiki ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Rana ta gasa shi, gishiri ya ci shi, bai taɓa rufe baki ya yi fushi ba. In an juya shi ya fuskanci iska sai ya fuskanta, in hadari ya taso aka juya masa baya sai ya ba hadari baya, ba musu. Ya riƙe wa La Baisu hula, ya riƙe wa matuƙa jiƙaƙƙen zane. Sau ɗaya aka san shi da faɗa, ranar da ya cire wa La Mpae farcen babban yatsa, kuma shaidu sun tabbatar La Mpae ne ya fara kai masa ƙafa.

Yana da murya. In iskar gabas ta miƙe sai ya ce huuu, a ƙasa-ƙasa, kamar tsohon da ke tuna waƙa. In ta tsananta ya koma fiii. In ruwan sama ya shiga akwatinsa ya ce ƙwal-ƙwal-ƙwal har ya tsiyaye. La Baisu yakan goge shi da lemun tsami da toka kafin su shigo gida, saboda haka a cikin duk matan da ke tsaye bakin teku suna kare ido da hannu, Malama ce take fara gane nata jirgin. Wani ɗan haske ne yake ƙiftawa can nesa, tun filafilai ba su fito sosai ba. In La Baisu ya sauko, kafin ta karɓi kayansa sai ta ce, "Ya tarin?" Shi kuma kullum amsarsa ɗaya: "Iskarki ta fi maganin asibiti." Tarin bai tafi ba. Ta ɗora laifin a kan tabarsa mai kanumfari, suka yi ta faɗa a kan taba har tsufa.

Malama ta koyar da yaran tsibirin nan cewa ba a gaskata magana don yawan masu faɗarta, ba a kuma ƙaryata ta don ta yi ɗaci. Gwada ta ake yi. Saboda haka ranar Litinin da rana tsaka, iskar gabas tana kaɗawa da ƙarfi, ta sa La Mpae ya kafa mata tsani, ta hau jirgin da kaskon wuta da ɓawon kwakwa. Ta ce abin da zai iya zuƙe numfashin namiji ba zai gaza zuƙe hayaƙi ba. La Mpae, da ya rantse ba zai hau ba, ya biyo ta yana mita.

"Matar Yaya, in kika sheƙa a ciki ni za a kama fa."

"Ba wanda zai zarge ka da yin wani abu, Mpae, an san ka. Juya masa baya ga iska, ka zuba wa bakinsa ido. In ka ga hayaƙi ka yi kira."

Ta shiga, ta ja ƙofa, ta hura wuta. Hayaƙi ya cika ɗaki. Ba a yi kira ba. Ta buga rufi ta ce a juya shi ya fuskanci iska, ta zauna tana kallon ragar, tana jiran ta ga hayaƙin ya watse. Tana jin huuu ɗinsa a sama, lafiya lau. Hayaƙin da ke bakin ragar ko motsi bai yi ba. La Mpae ne ya fizge ƙofar ya jawo ta waje, ta durƙusa tana tari, kuma ta gane tarin. Ta shekara talatin tana jin irinsa daga ɗaya gefen gado.

Da ta samu magana ta ce zanzaro ne ya yi gini a bututun, ba wani abu ba, a kira La Tarima.

Washegari da maƙerin ya zo, nan aka gane marigayin ya daɗe yana jinya a ɓoye. Shekara guda ba wanda ya goge shi, koren tsatsa ya ci wuyansa ta ciki har ya koma kamar ɓawon ƙwai. La Tarima, wanda shi ma yanzu ya tsufa, ya ɗiga masa man kwakwa, ya lallaɓa shi, ya murɗa a hankali. Sai Mai Hamma ya ce ƙaras. Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Kan ya zo a hannun maƙeri, gindin ya tsaya a akwati. La Tarima ya ce, "Allah ya jiƙan... astagfirullah, na manta ƙarfe ne." Daga nan suka zare kusoshi, suka kankare danƙo, suka ɗaga akwatin, su uku suka duba ƙarƙashinsa. La Mpae ya cire hularsa ya zauna a kan katako. Maƙeri ya tattara kayan aikinsa ya sauka bai yi sallama ba. Abin da suka gani yana ƙarshen sanarwar nan, domin Malama ta san masu baza magana ba sa karanta abu har ƙarshe sai an ja musu rai.

Ya rasu ya bar akwatinsa na katako, wanda ke cikin ƙoshin lafiya amma ba ya da sauran aiki. Ya bar zoben tagulla da ragar sauro. Ya bar tsumman da ake goge shi da shi, har yanzu yana ƙanshin lemun tsami, kuma ana roƙon kada wanda ya wanke shi. Ya bar jirgi a kan yashi, da La Mpae, wanda ya ce ya yafe farcen. Ya bar tsohuwa ɗaya da har yau, in la'asar ta yi, sai ta tsinci kanta a bakin teku tana kare ido da hannu.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin kwakwar da ke kusa da inda jirgin yake. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma wannan karon Malama ba ta ja da shi ba. Za a wanke shi da lemun tsami da toka, a naɗe shi a tsohon zanen La Baisu mai ratsin shuɗi, a binne shi sama da inda ruwa ke kaiwa. Maƙeran da suka aiko tambaya ko za a ba su shi su narka su yi ƙotar wuƙa, an gode, ba za a bayar ba. Akwai kasuami, wato dambun rogonmu, da romon kifi da gahawa. Masu zuwa gaisuwa kada su ce mata ta yi haƙuri, ta ji wannan bara. An keɓe wa Wa Sarifa tabarmar gaba.

Bayan an rufe ƙasa, tsani yana nan a jikin jirgi. Kowa ya hau, ɗaya bayan ɗaya, ya duba inda akwatin ya zauna, ya shafa da hannunsa, sannan ya shiga ɗaki ya leƙa bayan ragar, inda aka shafa wa katako baƙin kwalta. Katakon rufin lafiyayye ne daga sama har ƙasa. La Baisu bai taɓa huda jirgin ba.