Ranar da Jidda ta kira sunan Gwaggo Asabe

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na tsufa na manta sunan titinmu, da ranar da dubban mutane suka haɗa baki a Jidda suna kiran sunan gwaggona, ita kuwa tana kwance a asibiti a Kano ba ta san wainar da ake toyawa ba.

Ba yabon kai ba, ni mutum ne mai daraja a dangi. A unguwar Mansur aka haife ni, nan Makka, kuma a wajen 'yan uwanmu na Najeriya wannan kaɗai ya isa a ɗauke ka rabin waliyyi. Mai jarrabawa, mai neman haihuwa, mai neman aiki, duk ni suke turo wa suna. In rubuta a takarda in tafi Harami, in miƙa hannu rubutun na kallona, Ka'aba na bayan takardar, in ɗauki hoto in tura. Na fi shekara goma ina wannan, ko a barci aka ba ni takarda haka zan riƙe ta.

Abin da dangi ba su sani ba shi ne akwai wata mawaƙiya mai waƙa da Sifaniyanci da nake mutuwar son waƙoƙinta. Ko kalma biyar ban sani ba a yaren (biyu daga ciki ma sunan abinci ne), amma in na ɗaga gilashin mota, ni da ita muke rerawa. Da aka ce yawon wasan da take yi ƙasa-ƙasa zai kawo ta Jidda, tun saura wata biyu muka sayi tikiti ni da abokina Faisal, ɗan unguwar Hindawiyya wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da zagi ba.

Ranar wasan da la'asar sai ga kiran Gwaggo Asabe, yayar babana. Ta ce gobe da safe za a yi mata aikin ido, kuma tsoro take ji. Ta ce ba ta son kowa sai ni, in je Harami yau ɗin nan in yi mata addu'a, in turo hoto a nuna mata kafin a shiga da ita. Na ce ta kwantar da hankalinta, yanzu ma takalmi nake sawa. Takalmin kam ina sawa, Faisal na ƙasa yana danna min hon.

Lissafina tsaf yake. Mun riga Kano wayewar gari da awa biyu, in na je Harami da asuba hoto zai isa kafin likita ya sha shayi. Na riga na shirya wani kwali babba, na kwafo Sifaniyanci daga waya cewa daga Makka na zo domin mawaƙiyar. Don kada in yi aiki biyu, sai na juya bayansa na rubuta da manyan baƙaƙe: “Gwaggo Asabe, ga ni a Harami ina miki addu'a. Allah ya ba ki lafiya.” Har yaba wa kaina na yi.

Muka samu wuri kusa da dandamali. Ana shiga waƙar da na fi so na ɗaga kwalina sama, ina kallon Sifaniyancina ina jin daɗin kyan rubutun. Ku lura, ni nake kallonsa. Hannuna ya yi abin da ya saba, ya juyo min da rubutun da nake so, ya bar wa dandamali ɗaya gefen.

Sai na ga fuskata a ƙaton allon da ke gefen dandamali. Na washe baki, na ƙara ɗaga kwali har da ɗage. Faisal na jan rigata yana “ya shekh, sauke, fadiha”, wato abin kunya, na ture hannunsa don na ɗauka hassada ce. Mawaƙiyar ta tsayar da kiɗa, ta nuno ni, ta ƙura wa kwalin ido. Ina jiran ta karanta maganar Makka, sai na ji ta ce a hankali, “Guwa-go… Asabe?”

A lokacin na dubi allon da kyau. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige, ban ma tsaya cire takalmi ba.

Ta tambaya da Turanci wace ce wannan. Faisal, Allah ya shirye shi, ya ɗaga murya ya ce gwaggona ce kuma ba ta da lafiya. Baiwar Allah ta dafa ƙirji, ta ce kowa ya kira sunan. Filin nan kaf ya ɗauka, ana tafi, kowa waya a sama. Ni kuwa ina tsaye da shaidar cewa ina Harami, fitilu ja da kore na yawo a kaina.

Kafin mu dawo Makka bidiyon ya riga mu isa Mansur. Da asuba na je Harami na yi addu'ar, amma na kasa ɗaukar hoto, don tuni ɗan Gwaggo ya turo min bidiyon daga Kano ba tare da ko kalma ɗaya ba. Mahaifiyata Ummi ba ta yi min faɗa ba, kallona kawai ta yi ta ci gaba da tankaɗen gari, kuma na gwammace duka.

Bayan kwana uku Gwaggo ta kira. Ta ce aiki ya yi kyau, an cire mata bandeji, kuma abin da aka fara nuna wa sabon idon ni ne ina tsalle. Ta yi dariya har da tari, ta ce ita da ko bikinta ba a yi mata kiɗa ba, ga shi an kira ta a Jidda. Na saki jiki, har na fara ba ta labarin yadda aka yi. Sai ta katse ni.

“Ɗan nan, ranar da na roƙe ka, ka je?”

“Ban je ba, Gwaggo. Sai da asuba.”

“To. Ni kuwa ranar na samu barci, don na ɗauka kana can.”

Sai ta ce in gai da Ummi. Maganar barcin nan ta fi min ihun Jidda zafi nesa ba kusa ba. Yanzu ƙanwata ake turo wa sunaye, ni kuwa a dangi na zama ango, wai na mawaƙiya. Waƙoƙin dai ban daina ji ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na koyi cewa in tsohuwa ta ce maka yau, kada ka tsaya lissafa mata awa biyu, ka tafi kawai. In kuma ka san halinka, ka sayi kwali biyu.